Camfin Lamba da Kiran da Ban Amsa Ba

  Wani ɗan abu ne ya faru a gidana makon jiya, wanda ya fama mini wani miki da na daɗe ina rufewa. Na ga gara in rubuta shi, ko Allah Zai sa wani ya amfana.

Ɗana na uku ya fara sana'ar POS a bakin kasuwar Mile 12, kusa da inda nake dillancin albasa tun ina saurayi. Ya je ya yanko sabon layi domin sana'ar, kun kuma san yanzu a wasu bankunan waya lambar wayarka ita ce lambar asusunka. Da magariba sai ga shi ya shigo fuska a murtuke, ya miƙo mini takardar layin ya ce, "Baba, dubi abin da suka ba ni." Na duba, ban ga komai ba. Ya ce, "Dubi ƙarshenta." Ashe lambar da 419 ta ƙare. Ya ce, "Wa zai tura kuɗinsa a wannan lambar a garin nan? Wallahi tun ban fara ba an karya ni."

Na yi dariya har da ƙwalla, na ce masa, "Kai yaro, lamba ce fa kawai, ba ta cizo." Ina rufe baki sai muka haɗa ido da mahaifiyarsa tana tankaɗe a gefe. Ba ta ce uffan ba, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta. Nan take dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro, domin ni da ita mun san ranar da lamba ta cije ni. Zan zo kan wannan, amma bari mu fara da ita 419 ɗin.

Mai karatu, ita wannan lamba a gaban idonmu ta lalace. Asalinta sashe ne a cikin kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a Kudu, sashe na 419, wanda ya yi magana a kan karɓar kayan mutum ta hanyar yaudara, ya kuma tanadi ɗaurin shekara 3. Abin mamaki, a Arewa Turawa suka fara kafa wannan kundi a 1904, kafin su shimfiɗa shi a ƙasar baki ɗaya a 1916. Daga baya Arewa ta yi nata kundin na Penal Code, wanda ya fara aiki a 1960, kuma a cikinsa zamba tana sashe na 320 ne. Ka ga ke nan da a kotunan Kano ko Kaduna wannan sana'a ta yi suna, da yau 320 ce abin gudu, ita kuwa 419 tana zaune lafiya tsakanin 418 da 420. Da 'yan damfara suka addabi duniya da wasiƙu a shekarun 1980 da 1990, sai lambar sashen ta zama sunan laifin, har ta zama zagi. Duk wanda ya zauna a Ikko ya ga rubutun nan da ake yi a bangon gidaje, cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 419. Jihar Legas ta yi nata sabon kundin a 2011, lambar sashen ta canja, amma sunan ya riga ya bi lambar.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A ƙasar Afganistan lamba 39 ce ta shiga irin wannan hali, domin an jingina ta da kawalci. Motar da ta fito da 39 a lambarta sai darajarta ta faɗi a kasuwa, yara su riƙa yi wa mai ita ihu a titi. Abin ya kai har a 2021 gwamnatin ƙasar ta lokacin ta ba da umarnin a daina sa 39 a lambobin mota.

Tun da abin ya same ni na zama mai bin diddigin irin waɗannan camfe-camfe, kuma duk wadda na tono sai in tarar da ɗan Adam a ƙarƙashinta. Ɗauki 13, wadda Turawan Ingila da Amurka ke gudu. Bayanin da ya fi yawo shi ne na ruwayar Kiristoci, cewa a cin abincin ƙarshe na Annabi Isa (AS) da almajiransa 12, mutum 13 ne a zaune, kuma a cikinsu akwai wanda ya ci amana. Daga nan aka ce idan mutum 13 suka zauna cin abinci, ɗayansu ba zai ga baɗi ba. Wasu kuma suka ce laifinta kawai shi ne ta biyo bayan 12, wadda ake gani cikakkiya: wata 12 a shekara, awa 12 a fuskar agogo, kaya 12 a dozin. Sai 13 ta zo kamar baƙon da ba a gayyata ba. Akwai masu danganta tsoron Juma'ar da ta faɗo 13 ga wata da kamun da Sarkin Faransa Filib na Huɗu ya sa aka yi wa mayaƙan Templar ranar Juma'a 13 ga Oktoba, 1307, sai dai shi wannan camfi na haɗa Juma'a da 13 bai bayyana a rubuce ba sai a ƙarni na 19. Wato an fara jin tsoron ne, sannan aka koma tarihi neman dalili.

Har yau akwai dogayen benaye a Amurka da idan ka shiga lif za ka ga 12, sai 14. Hawa na 13 yana nan daram, mutane na kwana a cikinsa, suna kawai aka canja masa. Kamfanin jiragen sama na Lufthansa ba ya sa layin kujeru na 13, haka ma na 17. Ita kuwa 17 ta Italiyawa ce. A rubutun Rumawa ana rubuta ta XVII, idan aka jujjuya haruffan sai su ba da VIXI, wato "na rayu" da Latin, ma'ana rayuwar ta ƙare. Saboda haka ne motar Renault 17 da aka kai ta Italiya aka sayar da ita da sunan 177. Su kuma waɗannan Italiyawa 13 lambar sa'a ce a wurinsu, domin a tsohuwar cacarsu ta ƙwallon ƙafa wanda ya canki wasa 13 shi ya kwashe kuɗin.

'Yan uwanmu masu zuwa Sin saro kaya sun san ta huɗu. Wani maƙwabcina da ke zuwa Guangzhou ya ba ni labarin masaukin da ya sauka, babu hawa na 4, babu na 14. Dalilin bai wuce lafazi ba: a harshensu kalmar "huɗu" da kalmar "mutuwa" kusan sautinsu ɗaya, karin murya ne ya raba su. Haka abin yake a Japan da Koriya. Takwas kuma ta yi kama da kalmar arziki, shi ya sa suka buɗe gasar Olamfik ta Beijing ranar 8 ga watan 8, 2008, da ƙarfe 8 na dare. Mu da muke da harshen da karin murya ke raba "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu Hausawa fa? Idan masifa ta auko wa Bahaushe, me yake cewa? "Na shiga uku!" Na taɓa tayar da wannan magana a majalisarmu ta bayan la'asar a kasuwa. Wani dattijo ya ce duwatsun murhu ne guda uku, wanda ya shiga tsakaninsu wuta ce makomarsa. Wani ya ce a'a, saki uku ne, wanda babu kome a bayansa. Aka yi ta musu har aka kira magariba. Amma ka lura, duk da haka ban taɓa ganin Bahaushen da ya ƙi ɗaki mai lamba 3 ba, kuma sau uku muke wanke gaɓɓai a alwala. Huɗun da mutanen Sin ke gudu, a tsohuwar al'adarmu lambar mace ce, uku ta namiji, shi ya sa za ka ji mai maganin gargajiya ya ce namiji ya sha sau uku, mace sau huɗu. Namu camfin ya fi ƙarfi a wajen ƙirga da ranaku. Kakata ba ta yarda a ƙirga jikokinta a gabanta, sai ta ce za a ƙirga wa mutuwa. Bafulatani ba ya faɗa maka adadin shanunsa, kuma duk wanda ya san tarihin jangali ya san ba tsoron baki kaɗai ne ya koya masa wannan shirun ba. Ga Larabgana, Larabar ƙarshen watan Safar, da ake cewa bala'i na sauka a cikinta. Ga masu zuwa a buga musu hisabin sunan saurayi da na budurwa, a fasa aure saboda lissafi bai fita ba. Alhali malamanmu kullum suna karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya hana camfi, har da na watan Safar ɗin, ya kuma so kyakkyawan fata.

Duk wannan na san wani abu daga ciki tun kafin 2004. Ina cikin masu yi wa abokan ciniki Yarbawa da Inyamurai dariya idan suka kawo nasu. Ina ganin ni na yi makarantar allo, na yi ta boko daidai gwargwado, camfi ba zai kama ni ba.

Waɗanda suka manyanta za su tuna yadda wayar salula ta shigo a watan Agusta na 2001. Kafin nan layukan waya a ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Mu mazauna kurmi saƙonmu da gida a hannun direbobi yake: wasiƙa, ko kaset da aka ɗauki murya, ko saƙon baka. Da na sayi layi da waya a 2002, kuɗin da na kashe ya isa jarin wani. Na rubuta lambar a takarda na aika gida. A ƙauyenmu, can ƙasar Rano, babu sabis a lokacin. Idan ana nemana, ƙanena ne ke hawa keke ya tafi gari, wajen masu laima da ke sayar da kira a minti. Yau ya kira a wannan laima, gobe a waccan. Ma'ana duk kiran da zai zo mini daga gida, da baƙuwar lamba yake zuwa. Ku riƙe wannan.

A watan Yuli na 2004 sai wata jita-jita ta tashi a Ikko kamar wutar daji. Wai akwai wasu lambobi da idan suka kira ka ka ɗauka, sai ka yi aman jini ka mutu nan take. Aka riƙa yawo da lambobin a saƙon tes da 'yan takardu. Kowa ya san wani wanda ya san wani da ya faɗi a Oshodi ko a Agege, amma babu wanda ya gani da idonsa. Kamfanonin waya suka fito suka ƙaryata, har BBC ta ɗauki labarin. Sai dai ƙaryatawar ta zama kamar an zuba fetur, mutane suka ce ai dole su kare kasuwarsu. Lambobin da aka fara bayarwa biyu ne, kafin mako ya zagayo sun zama barkatai, daga ƙarshe aka ce kowace baƙuwar lamba ma abar tsoro ce, tunda matsafan suna canjawa.

Da farko na yi dariya. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A kasuwa maganar ke nan, a mota ita ce, a masallaci bayan an sallame ita ce. Maiɗakina tana da tsohon ciki a lokacin, cikin wannan yaro mai POS. Ta ce, "Malam, don Allah don Annabi kada ka ɗauki lambar da ba ka sani ba. Idan ƙarya ce, me ka rasa? Idan gaskiya ce fa, wa za ka bar mu da shi a garin mutane?" Na auna maganar na ga kamar tana da hankali. Rigakafi ai ya fi magani. Me zan rasa?

Ranar wata Alhamis da hantsi waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na zuba mata ido har ta katse. Ta sake, ta sake. Abokan zamana suna cewa, "Alhaji kar ka taɓa! Su ne!" Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wata lambar daban ta kira, sau huɗu. Na ji gabana ya faɗi, na ce lallai sun sa ni a gaba, na kashe wayar ɗungurungum na jefa a aljihu. Ranar Asabar ban kunna ba sam.

Ranar Lahadi da sassafe ina tsaye ana sauke buhuna, sai wani direban babbar mota ɗan yankinmu ya hango ni, ya sauko ya nufo ni. Ya cire hula, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Alhaji, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta." Na ce, "Wane Baba?" Sai ya yi turus. Ya ɗauka na sani.

Ciwon ya kwantar da mahaifina ranar Laraba. Ranar Alhamis ya ce, "Ku kira mini yayanku." Ƙanena ya hau keke cikin damina, ya je gari ya kira, ba a ɗauka ba. Ya koma ya ce wa tsoho wataƙila ina cikin hayaniyar kasuwa ne. Ranar Juma'a tsoho ya sake tambaya, ya sake hawa keke. Ranar Asabar ya je sau na uku, wayar a kashe, kafin ya dawo gida rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura kafin la'asar. Daga Ikko zuwa Kano a motar dare kwana ɗaya ne. Da na ɗauki kiran Alhamis, da ranar Juma'a ina zaune a gabansa.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, zuwana ba zai ƙara masa ko numfashi ɗaya ba. Amma akwai 'yar tsama tsakanina da shi a kan wata gona da na matsa aka sayar na ƙara jari, shekara biyu muna gaisawa sama-sama. Ban san abin da ya so ya faɗa mini ba, kuma ba zan sani ba sai ranar da muka haɗu. Da na isa gida ranar sadakar uku, ƙanena ya ce, "Yaya, lafiya wayarka? Ko sace ta aka yi?" Wallahi na so in ce sace ta aka yi. Na faɗa masa gaskiya. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Allah Ya kyauta." Inna kuwa cewa ta yi, "Ya yafe maka tun kafin ya kwanta, ni shaida ce." Har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da maganar ba.

Babu mutum ko ɗaya da aka tabbatar lambar waya ta kashe a 2004. Wayar salula murya take ɗaukowa ta iska, kamar rediyo, babu wata hanya da lambar mai kira za ta taɓa jinin mai amsawa. Amma jita-jitar ba ta mutu ba. Ta ɓulla a Pakistan da Afganistan a 2007, ta ɓulla a Kenya a 2010, ta dawo mana nan a watan Satumba na 2011 da lamba 09141, har sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito ta ce abin ba zai yiwu ba. A wannan karon duk wanda ya turo mini saƙon, kiransa nake yi in ba shi labarina.

Abin da na fahimta shi ne camfi yana rayuwa ne a kan abu biyu. Na farko, muna riƙe abin da ya dace da tsoronmu, mu manta da wanda bai dace ba. Masu tsoron 13 kullum suna kawo kumbon Apollo 13, wanda ya tashi ranar 11 ga Afrilu, 1970, da ƙarfe 13:13 agogon Houston, tankin iskarsa ya fashe ranar 13 ga wata. Ba sa faɗin cewa duka mutum ukun da ke ciki sun dawo da ransu, kuma bincike ya gano lalacewar wayoyin lantarki ne a cikin tankin. Apollo 1 ya ci mutum 3 a 1967, Challenger ya ci 7 a 1986, Columbia ya ci 7 a 2003, babu mai 13 a sunansa. Tun a 1882 wasu mutane a New York suka fara wata ƙungiya ta musamman, suna zama su 13 a tebur ranar 13 ga wata don su nuna babu abin da zai faru, amma har yau lif na tsallake 13.

Na biyu shi ne tambayar nan mai daɗin ji: idan ƙarya ce, me ka rasa? Ita ce ta kama ni. Kullum ana nuna maka bin camfi kyauta ne. Wanda aka hana shi auren wadda yake so saboda hisabi ya san ba kyauta ba ne. Mai motar Kabul da ya sayar da ita da asara ya sani. Ni ma na sani. Kuma mu da ke zaune nesa da gida abin ya fi shafarmu, domin mun taho da namu camfin a cikin jaka, mun tarar da na masu gari, ga zaman ɗar-ɗar da ke sa ko an ce kunnenka kare ya ɗauka sai ka bi kare kafin ka shafa.

A daren nan na zaunar da ɗana na ba shi wannan labari, karo na farko. Bai taɓa sanin dalilin da ya sa aka sa masa sunan kakansa muke kiransa da alkunya ba, kuma bai san abin da ya sa ko ina cikin cin abinci nake amsa waya ba. Na ce masa, "Idan don masu ciniki za ka canja, wannan lissafin kasuwa ne, ba ka iya gyara tunanin mutanen Ikko a rana ɗaya. Amma kada ka kuskura ka sa a ranka cewa lambar ce za ta hana ka arziki ko ta ba ka." Washegari ya yanko wani layin domin shago, mai 419 ɗin kuma ya bar shi na kiran gida. A cikin lambobin 'ya'yana duka, ita kaɗai na haddace.

Ni kuwa tun daga 2004 babu kiran da nake bari ya katse, ko ƙarfe biyun dare ne. Sau da yawa 'yan 419 ɗin ne na gaske, masu cewa an rufe mini asusu in karanto lambar katina. Mu gaisa, in ce Allah Ya shirye ku, in kashe. Ku dai kada ku ba kowa lambar sirrinku, amma don Allah idan waya ta yi ƙara ku ɗauka, musamman masu tsofaffi a gida.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Wanda ya karanta, ina roƙon ya sa mahaifina a addu'a. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.